Mari a Ƙafa, Takunkumi a Baki

 Galibi abin da aka saba tattaunawa a waɗannan shafuka shi ne ƙa'idojin rubutu, da tsadar ɗab'i, da ƙorafin marubuta a kan 'yan kasuwar littattafai. Yau kuwa sai mai karatu ya yi haƙuri da mu, domin maganar da muka ɗauko ba ta da daɗin ji, amma ta shafi duk wanda Allah Ya ba baiwar riƙe alƙalami. Maganar ita ce ta gidajen da ake kai yara da matasa da sunan gyaran hali ko neman ilmi, a rufe ƙofa, a azabtar da su, a lalata wasu, da kuma aikin binciken ƙwaƙwaf da 'yan jarida kan yi don buɗe irin waɗannan ƙofofi.

Mai karatu zai tuna ranar Alhamis 26 ga Satumba, 2019, lokacin da 'yan sanda suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa cikin Kaduna, wanda aka rubuta sunan Ahmad bin Hambal a jikinsa a matsayin makaranta. Sun fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu an haɗa su da sasari, bayansu duk shatar bulala. Daga cikin waɗanda aka kuɓutar akwai waɗanda suka shaida wa 'yan sanda da 'yan jarida cewa ana rataye su, ana hana su abinci, ana kuma yin luwaɗi da wasunsu. An kama mutum 7. Wasu daga cikin mutanen gidan ma daga ƙasashen maƙwabta aka kawo su.

Ba a yi mako uku ba sai ga labarin Daura. A nan abin ya zo mana har ƙofar gida, domin motar da ta tashi daga Ɗanbatta, in ta wuce Kazaure, ai sai Daura. A tsakiyar Oktoba na wannan shekara waɗanda ake tsare da su a wani gidan mari da ke garin suka yi bore, da yawa suka tsere, 'yan sanda suka zo suka tarar da mutum 67, daga ɗan shekara 7 har mai shekara 40. Mai gidan dattijo ne ɗan shekara 78, an ce kuma ya yi kimanin shekara 40 yana wannan sana'a. Daga nan sai abin ya zama kamar an fasa gidan tururuwa: cikin birnin Katsina, da wani gidan a Kaduna, da Zariya, har Ilori da Ibadan. Kafin ƙarshen shekarar an kuɓutar da kusan mutum 1,500. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda Daura ce mahaifarsa, ya ba da umarnin a rufe irin waɗannan gidaje, gwamnatin Kano ita ma ta sanar da rufe na jiharta.

To, tambayar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya ita ce, wa ya buɗe waɗannan ƙofofi? A Rigasa tsegumi aka kai wa 'yan sanda. A Daura waɗanda aka ɗaure ne da kansu suka ga uwar bari suka ɓalle. 'Yan jarida daga baya suka iso, suka ɗauki hoto, suka ji ta bakin waɗanda suka fito. Sun kyauta, domin ba don su ba da labarin bai wuce ofishin 'yan sanda ba. Amma shekara 40 gida yana tsakiyar gari, mutane suna wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, sai da yaro ya haura katanga sannan duniya ta ji. Wannan abin dubawa ne.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai iya zaton rashin sani ne ya kawo haka. Mu kuwa da muke zaune tsakanin Minjibir da Bichi da Makoɗa da Ɗanbatta mun san cewa a nan ba a ɓoye abu. Ƙasa ce da ba ta da daji. Gona jikin gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko 'yar ɗorawa, gida kuma ba ya nisa da gida. Matar da ke daka a wannan unguwa, ana jin taɓaryarta a waccan. Akuyar da ta ɓata da safe, kafin azahar an san gonar wanda ta shiga, abin da ya rage kuma a ƙarasa shi ran Lahadi a kasuwar Ɗanbatta. A irin wannan wuri kowa ya san ɗan wane da aka kai mari, da garin da aka kai shi, da buhunan gyaɗar da uban ya sayar ya biya. Har tsoratar da yara ake yi da sunan, a ce wa yaro in bai daina ba za a kai shi gidan mari.

Wannan kusanci da ya sa ba a ɓoye labari, shi ne kuma yake ɗaure baki. Mutumin da za ka kai ƙara, jakinsa ko amalankensa ne zai kai maka taki gona da bazara. Ƙanensa ne yake auren 'yar wanka. Da shi za ku tsaya sahu ɗaya ran sallar idi, shi ne kuma zai riƙe makara ranar da aka yi maka rasuwa. In abin lalata ne, sai dattawa su taru a zauren mai unguwa, a ce a rufa asiri, yarinya ce, wa zai aure ta in magana ta fita. In namiji ne kuwa a ce abin kunya ne da zai bi shi har tsufa. A sha ruwa, a yi fatiha, a watse. Wanda ya yi ɓarnar ya koma bakin aikinsa, wanda aka yi wa kuwa ya koma ɗaki da mikinsa. Ga kuma abin da aka taso da mu a kai, cewa duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Yaron da aka cusa wa wannan tun yana ƙolo, da wane baki zai ce malam ya wuce gona da iri?

Shekarun baya an dawo mana da wani yaro aji, bayan ya yi wajen shekara biyu ba a ganinsa. Abin da muka fara lura da shi shi ne ba ya cire safa ko da ana tsakiyar zafin bazara, kuma in malami ya ɗaga hannu zai yi rubutu a allo, sai yaron ya ƙanƙame jiki. Tambayar duniya an yi masa, amsarsa ɗaya, ba komai. Ranar da aka ba ajin aikin insha'i, kowa ya rubuta abin da ba zai taɓa mantawa ba, sai ga shi ya cika shafi huɗu. Ya rubuta yawan mutanen da ke kwana a ɗakinsu, da bokitin da suke kewayawa a ciki, da yadda manyan ɗakin kan zaɓi ƙanana in dare ya yi. Da muka kai wa mahaifinsa takardar aka karanta masa, dattijon nan sai da ya yi hawaye, ya rantse shi gyara ya kai ɗansa. Ya cire ƙanen yaron daga niyyar da ya yi masa, amma batun ƙara ya ce a bar wa Allah. A ranar muka ga da idonmu cewa abin da baki ya kasa furtawa, alƙalami yana iya ɗauko shi.

Kada kuma a ɗauki wannan uba a matsayin mugu. Manomi ne da ya wayi gari ɗansa yana shaye-shaye, yana ɗauke awakin uwarsa yana sayarwa. Asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yana nan kusa da mu, amma a wajen mutanenmu kai yaro can tamkar shela ce cewa akwai hauka a zuri'a, ga kuma kuɗin magani. A lokacin da aka buɗe gidan Rigasa, likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai gidan mari ya zo da alkawarin karatun Alƙur'ani da gyaran hali a lokaci guda, uba kuwa ya miƙa ɗa yana ganin ya sauke nauyi.

A nan ne aikin ɗan jarida mai bincike yake shigowa, kuma muna da misali a cikin Kano. A ƙarshen Afrilu 2018 sashen bincike na BBC ya fitar da wani fim a kan shan maganin tari mai kodin, wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta jagoranta. An yi basaja an ɗauki masu sayar da maganin ta bayan fage, an kuma ambaci ƙiyasin Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Washegari gwamnatin tarayya ta hana yin maganin da shigo da shi. Sai dai a cikin fim ɗin an nuna wata cibiyar gyaran hali a Ɗorayi, inda matasa suke ɗaure da sasari a ƙasa. Duniya ta kalli kwalbar, ta kau da kai daga sasarin. Wata 17 bayan nan aka buɗe Rigasa. Da an samu wani ɗan gida ya kama bakin wannan sasari ya bi shi unguwa-unguwa, wa ya san yawan yaran da za a rage wa wahalar shekara guda da rabi?

Tsakanin Rigasa da Daura kuma, ranar 7 ga Oktoba, 2019, sashen nan na BBC ya sake fitar da wani bincike a kan malaman jami'a masu neman ɗalibai mata da lalata a Jami'ar Legas da Jami'ar Gana. Kiki Mordi da abokan aikinta sun kwashe watanni suna tattara shaidu, aka tura 'yan jarida mata a matsayin ɗalibai da na'urar ɗaukar hoto a ɓoye. Wannan ma abu ne da duk ɗalibar jami'a ta daɗe da sani. Bambancin shi ne an zo da hujjar da ba ta musuwa, da murya da fuska da rana. Nan take Jami'ar Legas ta dakatar da Dokta Boniface Igbeneghu, a 2021 kuma ta kore shi. Gani ya kori ji. Abin da bincike yake yi ke nan, ya ɗauko maganar da ake raɗawa a gindin bishiya, ya mai da ita shaidar da hukuma ba ta da damar cewa ba ta ji ba.

Aikin kuwa tsoho ne. A 1887 wata 'yar jarida a Amurka, Nellie Bly, ta yi haukan ƙarya aka kai ta gidan mahaukata mata na birnin Niyok, ta kwana goma a ciki, ta fito ta rubuta dukan da ake yi musu da ruɓaɓɓen abincin da ake ba su, har hukuma ta yi bincike ta ƙara wa irin waɗannan gidaje kuɗi. A Gana, Anas Aremeyaw Anas ya shiga asibitin masu taɓin hankali na Akara a matsayin majinyaci, ya fito da hotunan abin da ake yi a ciki, a 2012 kuma ƙasar ta yi sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda shugabannin cocin Katolika na birnin Boston suke sauya wa limaman da suka lalata yara wurin aiki a maimakon hukunta su, kafin shekarar ta ƙare babban limamin birnin, Bernard Law, ya ajiye muƙaminsa. Abin lura a nan, 'yan jaridar da suka yi wannan aiki a cikin wannan ɗarika aka rene su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, domin an sha faɗa mana a majalisa. Za su ce wannan tonon silili ne, cin naman malamai ne, kuma ba wa maƙiya addini makami ne. Amsarmu ita ce, sutura an yi ta ne don wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa ya kuma tuba. Wanda yake riƙe da 'ya'yan mutane a bayan ƙyaure, yau ya cuci wannan gobe ya cuci wancan, rufa masa asiri miƙa masa yaro na gaba ne. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya kawo wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, cikinsu akwai kukan wanda aka zalunta da gargaɗin jama'a daga sharri. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma a cikin Nurul Albabi ya soki malaman zamaninsa masu barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ba wanda ya ce ya ci mutuncin malanta. Alarammomin kirki da suka cika tsangayun ƙasar nan, masu noma da damina su ciyar da almajiransu, su ne za su fi kowa amfana in an ware musu ɓata-gari.

Ba kuma gidajen mari kaɗai ba ne. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Nuwamba 2019, bayan ta ziyarci wurare 28 a jihohi 8 da Abuja, ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a asibitocin gwamnati da coci-coci da gidajen masu maganin gargajiya da na malamai. Mu da muke aikin koyarwa a makarantun boko mun san cewa ɗakin kwanan ɗalibai ma gida ne mai ƙyaure. Mun san abin da manyan ɗalibai kan yi wa 'yan aji ɗaya bayan an kashe fitila, mun kuma san yadda ƙorafi yake mutuwa: a kafa kwamiti, a kira uba a ba shi haƙuri, a yi wa malami canjin wurin aiki zuwa wata makarantar ƙauye inda ba a san shi ba. Abin da aka yi a Boston ke nan, sai dai bambancin riga. Duk inda aka tara masu rauni ƙarƙashin mai ƙarfi, aka hana ido na waje shiga, sakamakon ɗaya ne.

To, 'yan'uwa marubuta, ina namu rabon aikin? Duk binciken da muka lissafa, da Turanci aka fara yin sa. Uban da zai yanke shawarar kai ɗansa mari a damina mai zuwa ba ya karanta jaridar Turanci. Rediyonsa yana rataye a reshe yana noma, matarsa kuma littafin Hausa ake karanta mata, ko ta saurara a waya. Mu ne muke da harshen da yake shiga waɗannan gidaje. Kuma mun taɓa gwadawa. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a kan auren dole da hana 'ya mace karatu, marubutan wannan zamani suka sha zagi a kan irin waɗannan jigogi, amma maganar ta shiga ɗakunan da wa'azin gwamnati bai taɓa shiga ba. Labarin yaron da ke cikin mari yana nan yana jiran irin wannan alƙalami.

Sai dai ga mai sha'awar bin hanyar bincike, musamman matasanmu masu tasowa, akwai ladubba. Jita-jita ba hujja ba ce, kuma ɗora sunan mutum a Facebook saboda an ce an ce zalunci ne shi ma, yana iya jawo a kashe marar laifi. Ka rubuta rana da wuri. Ka saurari yaro cikin natsuwa, gaban wani babba da ya amince da shi, kada ka sa masa magana a baki. Ka nemi shaida na biyu da na uku waɗanda ba su haɗa baki ba. In akwai rauni a jiki, likita ya gani ya rubuta. An buɗe cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke Kano don waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ka je ka ji ta bakin wanda ake zargi, ka rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta. Ka nuna wa lauya kafin ka buga. Basaja kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, waɗanda suka yi ta suna da gidan jarida a bayansu da ya san inda suke.

Sutura kuma a mai da ita inda ta dace, wato kan wanda aka cuta. A 2019 an watsa fuskokin yaran Rigasa da na Daura a ko'ina, alhali a garuruwa irin namu yaro zai dawo ya zauna ne cikin waɗanda suka ga hoton, ya nemi aure a cikinsu. Ka ɓoye sunansa da unguwarsu da duk alamar da za a gane shi. Sannan kada ka tsaya a ranar da aka buɗe ƙofa. Hayaniyar 2019 ta lafa cikin 'yan makonni, kowa ya koma harkarsa. Marubucin kirki shi ne wanda zai koma bayan shekara ya tambayi inda shari'a ta kwana, da inda aka kai yaran, da ko gidan da aka rufe a birni ya sake buɗewa a ƙauye da sabon suna.

Dokoki dai an yi su. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, a Janairu 2023 an sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, Jihar Kano kuma ta samu dokar kare yara a 2023. Amma doka ba ta da ƙafar zuwa ƙauye, sai an samu wanda ya rubuta cewa ga abin da ke faruwa a wuri kaza, ran kaza. Muna ba shugabannin ƙungiyarmu shawara su gayyato 'yan jaridar da suka san wannan aiki, da lauya, da likita, su zauna da matasanmu a ɗaya daga cikin tarukan da muke yi, mujallar nan kuma ta ware shafi don irin wannan rubutu. Malaman makaranta da ke cikinmu, na allo da na boko, su riƙa ba yara damar rubuta abin da ke ransu, su kuma karanta da idon basira.

Allah Ya kare mana zuri'a, Ya shiryi waɗanda suka kangare, Ya ba iyayensu mafita ta alheri, Ya kuma sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ranar gobe. Amin.